Ko Zaren Rama Zai Hana Bakana Karyewa?

Tambaya: Malam, ina sassaƙa baka don sha'awa. Guda biyu sun tsage mini ta baya tun ban gama morarsu ba. Na ji ana manna zaren tsiro a bayan baka don ya ƙara ƙarfi. Shin rama ko ɓawon kuka za su yi? Kuma da wane gam?

Amsa: Ɗan'uwa, rama za ta yi, amma ka san aikin da za ta yi maka. Ba za ta sa kibiyarka ta yi nisan da ba ta yi a da ba. Aikinta ta riƙe bayan bakan kada sartse ya tashi.

Idan ka ja tsirkiya, gefen da ke kallon abin harbi, wato bayan bakan, miƙewa yake yi, gefen da ke kallonka kuma, wato cikinsa, matsewa. Itace ba ya jure miƙewa sosai: da ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na tsawonsa sai ya fara tsagewa, kuma daga wuri mafi rauni yake farawa, ko kan ƙulli, ko inda wuƙa ta yanke jijiyar itacen a karkace. Maharban Ingila na da sun huta da wannan matsala saboda itacen yew da suke amfani da shi, wanda farin sashensa na waje ke jure miƙewa, jan cikinsa kuma ke jure matsi. Bakunan da aka samo a jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, haka aka sassaƙa su. Wanda bai samu irin wannan itace ba, shi ke neman abin shimfiɗawa.

A nan mutane ke ruɗewa tsakanin jijiyar dabba da zaren tsiro. Jijiya, wadda Turkawa da Mongol da wasu ƙabilun asali na Amurka suka yi amfani da ita, tana miƙewa sosai ta koma, kuma idan tana bushewa takan ja bakan baya, ta ƙara masa tsalle. Zaren lilin da na rama ba haka suke ba. Suna da tauri, miƙewarsu kusan kashi 2 ce kawai kafin su tsinke. Wannan taurin ne amfaninsu, shi ne kuma haɗarinsu. In ka lafta da yawa, bayan zai ƙi miƙewa, duk nauyin ya koma kan cikin bakan, sai ka ga ƙananan layuka sun gitta cikin itacen, alamar ya murƙushe. Wannan ba ya gyaruwa. Saboda haka ina jan kunnenka: shimfiɗa ɗaya siririya, kaurin milimita 1 ko ƙasa da haka, ta wadatar.

Ka nemi ramar da aka jiƙa har ɓawon ya saki, ba igiyar da aka riga aka tufka ba, domin murɗaɗɗen zare ba ya kwanciya. Ka wanke ta, ka shanya, ka taje da mataji har silin ya rarrabu ya yi laushi. Ɓawon kuka ba na ba ka shawararsa. Yana da kyau wajen igiya, amma kaushinsa ba ya barin shimfiɗa ta yi daidai.

Ka goge bayan bakan da sanfefa, a tsaye ba a gicciye ba, ka share ƙura da maiƙon hannu. Ka shafa gam mai ruwa-ruwa ka bar shi ya ɗan sha. Sannan ka tsoma zaren ƙulli-ƙulli cikin gam, ka matse tsakanin yatsu biyu har rarar ta zube, ka kwantar da shi bisa tsawon bakan kana lallashinsa da ɗan yatsa. Mahaɗar kowane ƙulli kada ta zo daidai da ta maƙwabcinsa. Ka saɓa su kamar jeren bulo. A kan kunnuwan bakan da wajen riƙo, ka naɗe da zare don kada bakin ya ɗago.

Batun gam kuwa, farin gam ɗin kafintoci ya isa, haka ma wanda ake dafawa daga guntayen fata, sai dai shi laimar damina na sa shi laushi. Ƙaro kada ka kusance shi, yana farfashewa in ya bushe, yana narkewa in ya ga ruwa. Ka bar bakan a inuwa aƙalla mako guda. Da hunturu ka nisanta shi da iska mai busawa kai tsaye, domin itacen da ya bushe fiye da kima ya fi saurin karyewa.

Bayan ya bushe, bakan zai ƙara tauri, don haka kada ka ja shi gaba ɗaya nan take. Ka ɗaura tsirkiya mai sako-sako, ka ja kaɗan-kaɗan kana duba ko hannayen biyu na lanƙwasa daidai. Inda ya ƙi lanƙwasa, ka kankare ta ciki, kada wuƙa ta taɓa bayan. Daga ƙarshe ka shafe shi da kakin zuma don ruwa. In kuma itacen yana da babban ƙulli ko tsagar da ta riga ta shiga ciki, ka ajiye shi ka nemi wani, rama ba za ta cece shi ba.