Abin da ya ɗaukaka makaɗan Smetana na ƙasar Cek

Malam, ka yi tambaya a kan dalilin da ya sa har yau ake girmama rukunin Smetana, makaɗan goge huɗu na birnin Prag, alhali sun daɗe da ajiye kiɗa. Sun fara fitowa da wannan suna a 1945, sunan da suka ɗauko daga Bedřich Smetana, mai tsara kiɗan ƙasarsu, kuma ba su watse ba sai a 1989.

Babban dalilin shi ne daɗewarsu tare. Tun da Milan Škampa ya karɓi matsakaicin goge a 1956, ba a sake canza ko mutum ɗaya ba. Jiří Novák da Lubomír Kostecký suna riƙe da ƙananan goge biyu, Antonín Kohout kuma yana kan babban da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. A kiɗan da babu mai ba da umarni a gaba, inda kowa yake lura da numfashin ɗan'uwansa da ɗagawar hannunsa kafin ya ja tsirkiya, shekara 33 tare ba ƙaramar dukiya ba ce.

Sun kuma shafe shekaru masu yawa suna kiɗa da ka, babu takarda a gabansu, kuma a ganina wannan ne ya sa suke sauraron juna sosai. Idan za ka fara sauraronsu, ka nemi yadda suka buga ayyukan Janáček da Dvořák, masu tsara kiɗa 'yan ƙasarsu, da kuma faifan kiɗan Mozart, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, da kamfanin Denon na Japan ya naɗa musu a 1972, wanda yana cikin na farko da aka naɗa da fasahar dijital don sayarwa.