Lauyan da ya rubuta takardar ba naki ba ne

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin samu shagon haya a wata filaza a Gwarinpa, ejan ya saka kuɗin lauya kashi 10 cikin 100 a lissafi, kina tambaya ko sai kin sake neman wani lauya ya duba takardar. Ki nema. Kuɗin nan daga jakarki zai fita, amma lauyan mai gida za a ba, kuma mai gidan ya rubuta wa takardar.

Ni a Wuse II na sha tawa. A kan bonet ɗin mota na sa hannu, ejan na tsaye yana kaɗa mukulli, wai wani Alhaji na hanya da kuɗinsa. Na biya shekara 2 a dunƙule, na sa tayil, na gyara silin, na sa ƙofar gilashi. Kasuwa ta fara buɗewa ke nan wa'adi ya cika, aka ce ko in biya kusan ninki ko in tashi. Na buga ƙirji na ce ai sai an ba ni notis na wata 6. Da na kai wa lauya takardar, bai gama shafi na biyu ba ya cire tabarau ya dube ni.

Ashe wata 6 ɗin da dokar Abuja ta tanada na mai hayar shekara-shekara ne, shi ma idan ba a rubuta wani abu daban ba. Tawa an yanka mata ranar ƙarewa, babu batun sabuntawa. Ranar na cika, notis na kwana 7 kawai ya rage kafin kotu. Can ƙasa kuma an rubuta duk gyaran da na yi ya zama na mai gida. Ko gilashin nan ban ɗauka ba, har yau idan na wuce ina ganinsa.

Saboda haka ki ce lauyanki ya tsaya a kan sabuntawa: a rubuta kina da damar ci gaba, da iyakar ƙarin da za a yi. A fayyace me kuɗin sabis ya ƙunsa, dizal ne, masu gadi ne, ko shara. Ki ga shaidar babu tsohon bashin AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, a mitar.

Sai batun filin kansa, tunda Gwarinpa ce. Filaza da yawa a can asalinsu gidajen zama ne aka mayar shaguna. Lauyanki ya je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya bincika sunan wa ke kan takardar fili, kuma an amince a yi kasuwanci a wurin ko a'a. Ranar da ma'aikatan kula da gine-gine suka shafa jan fenti a bango, alamar rusau, kayanki ne a ciki.

Kada ki tura ko sisi tukuna. Ki ce ejan ya aiko da takardar ta WhatsApp, kwana 3 kike so. In ya ce babu lokaci, ki bar wa Alhajin.