Ƙurajen fuska bayan fara maganin ciwon daji

Tambaya: Likita, mahaifina yana karɓar cetuximab saboda ciwon dajin hanji. Sati biyu da farawa fuskarsa ta feso da ƙuraje kamar na samari, har ya daina zuwa masallaci saboda kunya. Mu dakatar da maganin ne? Daga Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku dakatar da kanku. Cetuximab da danginsa, irin su erlotinib da gefitinib, suna toshe wani sinadari ne mai suna EGFR, wanda dajin ke dogaro da shi wajen girma. To, ita ma fata da shi take sabunta kanta, shi ya sa ƙurajen ke fesowa a hanci, kumatu, goshi, ƙirji da gadon baya. Yawancin masu karɓar maganin suna samunsu, kuma sukan lafa bayan wasu makonni. Sau da yawa ma alama ce cewa maganin ya kama aiki.

Ba fimfus ba ne, kar a matsa, kar a shafa masa maganin fimfus na kemis, busar da fatar zai yi ta tsattsage. Likitansa zai iya rubuta masa doxycycline da man hydrocortisone 1%. Ya riƙa haɗiyar doxycycline da ruwa cike da kofi, kuma kada ya kishingiɗa nan take. Alwala da ruwa mai ɗan ɗumi, ya dangwala tawul a hankali ba tare da gurzawa ba, sannan ya shafa mai marar ƙamshi, musamman lokacin hunturu da ke busar da fata. Ku gaya masa ƙurajen ba sa yaɗuwa ga kowa, ya koma sahunsa.

Tambaya: Nawa ƙurajen sun bushe amma sun bar baƙaƙen tabo. Ƙawata ta ba ni man bilicin, in shafa?

Amsa: A'a, 'yar uwa. Da yawansu akwai clobetasol ko hydroquinone a ciki, suna iya ƙara lahanta fatar da ta riga ta jigata. Tabon yana dusashewa da kansa cikin watanni, rana ce ke ƙara masa duhu. Ki nemi man kare rana mai SPF 30, ki guji zafin tsakar rana.

Tambaya: Ana yi wa mijina gashin ciwon daji (radiotherapy) a wuya, wurin ya yi baƙi yana saɓulewa. Man kaɗanya zai yi?

Amsa: Ki nuna wa masu gashin kafin ki shafa komai, kuma ban da inda fata ta buɗe. Ya bar reza da turare a wurin, ya sa riga mai sakakken wuya. Idan kika ga mugunya, ɓawo mai ruwan ɗorawa, bororo, gyambon baki ko zazzaɓi, ku tafi asibiti a ranar, ko da ranar ganin likita ba ta zo ba.