Guguwa ta lalata min gida, kamfanin inshora ya ƙi biya, zan iya kai su kotu?

Tambaya: Malam ina zaune a birnin Houston na Amurka, guguwar Beryl ta 2024 ta kada bishiya kan rufina, ruwa kuma ya shigo ta ƙasa ya ɓata falo. Kamfanin inshora sun ce rufi kawai za su biya, shi ma rabi, wai ambaliya ba ta cikin yarjejeniya. Lauya ya ce mu rubuta duk ruwan ta sama ya zubo. Banki ne ya tilasta min inshorar.

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri. Ka kai su kotu kan rufin, haƙƙinka ne, kuma tunda tilasta maka aka yi babu laifi a kanka.

Amma shawarar lauyan nan ka bar ta. Kai da bakinka ka ce ta ƙasa ruwan ya shigo, kuma a Amurka inshorar ambaliya daban take da ta gida, wannan rigima ta iska ce ko ruwa ne ita ta cika kotunan jihar Mississippi bayan guguwar Katrina a 2005. Ko alƙali ya yanke maka, kuɗin falon haram ne, kasancewar kamfanin ba na musulmi ba ne bai halatta ƙarya ba.

Wasu malamai za su ce maka tunda inshorar kasuwanci akwai garari a ciki (wato rashin tabbas a ciniki, wanda shari'a ta hana), kada ka karɓi fiye da abin da ka zuba. Ina girmama su amma ban gamsu ba. Mutum an tilasta masa, ya yi shekaru yana biya ba abin da ya same shi kuma ba su mayar masa da ko sisi ba, yanzu rufi ya faɗo a ce ya bar musu sauran? Wa ya amfana? Kamfanin da ya tsara yarjejeniyar da kansa, ya yarda zai biya. Garari an hana shi ne don kada a ci dukiyar mutane, bai kamata a juya shi ya zama hanyar cin taka ba. Karɓi cikakken kuɗin gyaran rufin.

In kotu ta ɗora musu kuɗin ruwa saboda jinkiri, wannan ka ba talakawa. Ka ajiye hotuna da rasit, kuma kada ka sa hannu a takardar lauya sai ka san kason da zai cire. Bashin bankin ma in da ruwa a ciki ka yi ƙoƙari ka rabu da shi da wuri. Wallahu a'alam.