Amsa ga mai tambaya kan dukushin da ke turjewa idan ana jan sa da ragama

Malam, ka ce dukushinka yana bin ka lafiya lau, amma da zarar ya iso bakin lambatu ko ya ga tamfol a shimfiɗe sai ya kafe, alhali kana so ya nutsu kafin a kai shi Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, ranar hawan Sallah.

A iya zamana da dawaki a nan Katsina, irin wannan turjiya tsoro ce ke kawo ta. Idanun doki a gefen kansa suke, don haka ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa sai ya sunkuya, kuma mai finciko ragama ɗaga masa kai yake yi, ya hana shi duba inda zai sa kofato.

Ka ajiye linzami da bulala tukuna. Ka samo igiya mai tsawon mita 3 zuwa 4, ka tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, kuma kada ka kuskura ka naɗe ta a hannunka, domin idan ya zabura yatsunka ne za su ji a jikinsu. A fili mai yashi ka kwantar da azara guda, ya saba da tsallake ta, sannan ka kawo tsohuwar taya, daga baya tamfol a ninke.

Wurin da yawancin yaran barga ke ɓata aikin shi ne sassauci. Ka ɗan ja ragamar kaɗan ka jira. Da ya matso, ko da taku ɗaya ne, ka sassauta nan take, domin wannan sassaucin ne ke sanar da shi ya yi daidai. Idan ya miƙa wuya yana shinshina tamfol ɗin, yana huci, yana dukan sa da kofato, ƙyale shi, bincike yake yi. Sa'ad da ka ga ya sauke kai yana lasar leɓe, hankalinsa ya kwanta, sai ka shafa masa wuya, ku zagayo ta ɗaya gefen, saboda abin da ya saba gani ta gefe ɗaya yakan zame masa baƙo idan ya tunkaro shi ta wani gefen.

Minti 15 zuwa 20 da sassafe sun isa. Lambatu ya zo a ƙarshe, kuma a sa tsohon doki mai sanyin hali ya wuce gaba. Amma ƙarar kalangu, algaita da bindiga wani horo ne daban, wanda ake fara jiyar da shi daga nesa yana cin harawa a turkensa.