Shin Sayen Magani Tare Yana Rage wa Ƙananan Tsibirai Tsada?

Tambaya: Na ji a rediyo cewa wasu ƙasashen Afirka da ke kan tsibirai sun amince su riƙa sayen magani tare. Ni ma'aikaciya ce a ɗakin ba da magani na wani asibitin gwamnati. Don Allah wannan yana rage tsada da gaske, ko taron manya ne kawai da ake watsewa da an ɗauki hoto? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, labarin da kika ji haka yake. Ƙasashen su ne Cape Verde, Sao Tome da Principe, Comoros, Seychelles, Mauritius, Madagaska da Guinea-Bissau, wadda ita a bakin teku take amma tana da tarin tsibirai. An fara sa hannu kan yarjejeniyar a 2020 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2024 kuma aka zaɓi Mauritius ta zama mazaunin ofishin shirin. Shirin bai yi kwarin da za a yanke masa hukunci ba tukuna. Amma akwai inda aka daɗe ana yin irinsa, wato tsibiran gabashin Karibiyan da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, kuma daga can zan ba ki amsa.

Ki fara duba yawan jama'ar waɗannan tsibiran na Karibiyan. Dominica na da mutum wajen 70,000, Saint Kitts da Nevis wajen 50,000, Montserrat kuwa ko 5,000 ba ta cika ba. Ƙasa irin wannan idan ta je wurin kamfanin magani, abin da take buƙata a shekara bai taka kara ya karya ba. Ko dai kamfanin ya ƙi kula ta, ko ya tsauwala farashi, ga kuɗin jirgi a kai. In ta sayi da yawa don ta samu ragi, rabin kayan zai lalace a sito kafin a shanye shi. Ke da kike aikin kin san ciwon kwashe maganin da wa'adinsa ya wuce.

Shi ya sa a 1986 ƙasashen OECS, wato ƙungiyar ƙasashen gabashin Karibiyan, suka buɗe ofishin sayen magani guda a Saint Lucia. Kamar watanda ne: ba mai iya sayen sa shi kaɗai, sai a haɗa kuɗi a yanka, kowa ya ɗauki kasonsa. Kowace ƙasa tana kawo lissafin abin da za ta buƙata, a haɗa, a kira kamfanoni su yi takarar farashi sau ɗaya. A zagayen farko farashin magunguna da yawa ya faɗi da kusan rabi.

Sai dai yawan kaya kaɗai bai isa ya jawo wannan ragin ba, kuma nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Abu biyu suka riƙe shirin. Ƙasashen sun ɗau alkawarin cewa duk maganin da ke cikin jerin, ta ofishin kaɗai za su saye shi, ba ministan da zai zagaya ta baya ya yi nasa ciniki. Sannan galibinsu kuɗi ɗaya suke kashewa, dalar gabashin Karibiyan, da babban banki ɗaya. Kowace ƙasa ta ajiye kuɗi a asusu a bankin, shi ke biyan kamfani da zarar kaya sun iso. Ɗan kasuwan da ya tabbata za a biya shi a kan lokaci shi ne ke sassauta farashi. Duk lokacin da wata gwamnati ta yi jinkirin cike asusunta kuwa, kamfanoni kan riƙe kaya, wani lokacin har laifin ya shafi maƙwabta.

Haɗin kan bai tsaya a saye ba. Tun 2013 yankin Karibiyan baki ɗaya na da hukumar lafiya guda, CARPHA, mai hedikwata a Trinidad, wadda aka haɗe cibiyoyi biyar aka kafa ta. A ƙarshen wannan shekarar zazzaɓin cikungunya ya ɓulla a Saint Martin, ya bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya. A farkon korona ma, ɗakin gwajinta ne ƙananan ƙasashe da dama suka riƙa aika samfur.

Inda abin ke cijewa shi ne inda aka taɓa aljihun 'yan kasuwa. A 2007 shugabannin yankin suka yi sanarwar Port of Spain, babban birnin Trinidad, kan yaƙi da ciwon suga, hawan jini da ciwon daji, har ta zama silar babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011. Barbados ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari kan lemon kwalba a 2015, ta ninka shi a 2022, amma da yawa daga maƙwabtanta ba su bi sahu ba. Da aka kaɗa ƙuri'a a 2021 kan tilasta alamar gargaɗi a jikin abincin gwangwani da na leda, ba a samu rinjayen da ake buƙata ba.

Na Afirka kuwa aikinsu ya fi wuya a ganina. Cape Verde na Tekun Atlantika, Mauritius na Tekun Indiya, ba jirgin ruwa ɗaya ke kai musu kaya ba. Wasu Fotugisanci suke aiki da shi, wasu Faransanci, wasu Turanci, kowa kuma da kuɗinsa da dokar rajistar maganinsa. Ragi zai fi samuwa a magunguna masu tsada da ba a saye da yawa, irin na ciwon daji da allurar insulin. Idan kina bin labarin, ki lura da wanda aka ɗora wa biyan kamfanoni, da kuma abin da aka tanada wa ƙasar da ta yi jinkirin kawo nata kuɗin.