Ga ƙanena mai son karatun halayyar ɓeraye

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama lisansi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kana son zuwa Faransa ka yi mastar a fanninmu, amma an ce maka kwamfuta ce ke yin komai yanzu.

Ga yadda aikin yake. Muna da babban baho cike da ruwan da aka mayar fari, da ɗan dandamali a ɓoye ƙarƙashin ruwan, ana saka ɓera a ciki ya nemo shi. Richard Morris ne ya ƙirƙiro gwajin a Sikotilan a farkon shekarun 1980, don a ga yadda ɓera ke tuna wuri. Kyamara tana rataye a sama, manhaja irin EthoVision tana bin ɓeran hoto bayan hoto, ta faɗi nisan da ya yi iyo, da saurinsa, da daƙiƙa nawa ya yi kafin ya hau dandamalin. Da can sai mutum ya zauna da agogo da biro.

Sai dai manhajar ba ta san ɓera ba. A watana na farko inuwar bakin bahon ta faɗa kan ruwan, manhajar ta ɗauke ta a matsayin baƙin ɓeranmu. Aikin mako guda ya tafi a banza, kuma ban gane ba sai da na zauna na kalli bidiyon da idona. Wani lokaci ɓera zai manne wa bango yana ta zagaye, lambobi su nuna kamar ya manta, alhali tsoro ke cin sa. Wanda ya saba riƙe shi a tafin hannu ne ke gane haka.

Don haka kada ka zauna jiran biza. Akwai manhajar DeepLabCut mai bin motsin dabba a bidiyo, ta fito a 2018, kuma kyauta ce. Da kanka za ka nuna mata hanci da ƙafa da wutsiya a hotuna kamar 200, sannan ta koyi bin sauran. Ba ruwanta da irin dabbar. Ɗauki bidiyon jar akuyar gidanmu da wayarka, ka kafa wayar wuri guda kada ta motsa. Ka dage da Python, wato yaren rubuta manhaja, da lissafin ƙididdiga, da Ingilishi ma, don da shi ake rubuta yawancin binciken.

A nan Faransa doka ba ta barin ka yi gwaji da ɓera sai ka yi horo kan kula da lafiyarsa, kuma ranar Lahadi ma sai wani ya leƙa keji. Maganar kuɗi kuwa, don Allah kada ka taso sai burs ɗinka, wato tallafin karatu, ta tabbata, haya na da tsada ƙwarai.

Turo min bidiyon akuyar mu duba tare. Ka gaishe min da Inna.